Gaisuwa Kafin Iska

Litinin, 10 ga Yuni, 2019
Nura ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga makaranta da sabon abu. Shafin ƙungiyar masu jirgin ruwa, wanda muke buɗewa a waya mu ga jirgin wa ke kan layi, ya ƙara masa wani ɗan akwati. Yakan leƙo daga sama, ya faɗi magana, ya ɓace da kansa. Kore in layinka ya zo, ja in iska na tafe. Nura ya ce ba sai ka taɓa shi ba, tunda hannun ɗan jirgi kullum a jiƙe yake. Yaron ya yi tunani.

Laraba, 12 ga Yuni
Baba Maliki, shugaban ƙungiya, ya gani ya ɓata rai. "Wanga abu ba shi da tarbiyya? Shi faɗo ma dattijo ba sallama?" Nura ya ce wurin kaɗan ne, Baba. "To ka matsa mashi." An yi dariya. Kafin la'asar akwatin ya koyi ladabi: Assalamu alaikum, barkanku da warhaka, ƙungiya na gaishe ku. Sannan maganar.

Asabar, 15 ga Yuni
Ni a aji uku na tsaya, da yatsa nake bin harafi. Kafin in fita daga "warhaka" akwatin ya tafi abinsa. Na ɗauka ni kaɗai ne. Sai na zauna bisa buhunan albasa ina kallon mutane. Yaya Audu, wana mai jirgi, har amsawa yake, wa alaikumus salam, ya mayar da wayar aljihu. Kuma kowa wayarsa a ƙulle cikin leda saboda ruwa. Cikin leda, da rana tsaka, kore da ja duk launi guda ne.

Ban ga wanda ya kai ƙarshen saƙon ba.

Talata, 18 ga Yuni
Na je in gaya wa Nura, na tarar suna cin kifi da Baba Maliki. In na buɗe baki, na ce Baba ya yi kuskure ke nan, na kuma tona cewa rabinmu ba mu iya karatu ba. Na gaishe su na wuce. Zan sami Nura shi kaɗai. Ba gaggawa.

Alhamis, 20 ga Yuni
Kasuwar ƙetare. Na loda wa Yaya Audu shinkafa da albasa, mata suka cika tsakiyar jirgi. Ruwa shiru, irin shirun da ba na so. Gabas ta ɗan yi duhu. Ina ɗauke da buhu akwatin ya leƙo a wayarsa, na ji ya amsa sallamar. Na sauke na duba tawa, ya riga ya tafi. Na ce Yaya, gabas fa. Ya ce, "Kai da tsoro kamar akuyar biki." Ya tada inji.

Bayan azahar Nura ya zo bakin ruwa da gudu. "Ina jirgin Audu? Tun hantsi na aika cewa kar kowa ya tashi."

Iskar ta ɗauke rumfar masu suyar kifi. Wayar Yaya ba ta shiga. Inna ba ta tashi daga kan darduma ba.

Juma'a, 21 ga Yuni
Ba labari. Masunta sun tsinci albasa tana yawo bisa ruwa wajen garin Wara.

Asabar, 22 ga Yuni
An same su a wani tsibiri, duka da rai, Alhamdu lillahi. Jirgin ya tsage, inji ya tafi ƙasa. Yaya ya zauna bakin ƙofa bai ci tuwo ba. Abu guda ya ce: "Ni gaisuwa na gani."

Litinin, 24 ga Yuni
Nura ya cire gaisuwar. Jan akwatin kuma yanzu ba ya tafiya sai ka danna shi.

Da hantsi gabas ta sake yin duhu. Na tarar da Baba Maliki a zaure da dattawa, na ce, "Baba, iska na tafe, a hana jirage tashi." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya aika aka hana. Sai a hanyar gida na tuna ban yi sallama ba, ko takalmi ban cire ba.

Inna ta ji. Ta ce in koma in ba shi haƙuri. Zan je gobe. Ko jibi.