Layi Ɗaya Da Na Ƙi Gyarawa

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan yana cina.

Shekara tara ina kula da manhajar da ke tsara ajiyar fayil a kwamfuta. A aikinmu mukan rubuta ɗan bayani a saman kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, saboda wanda zai zo bayanmu. Kwamfuta ba ta karanta bayanin, mutum ne ke dogara da shi. Bara aka kawo wani, teburinsa na kallon nawa. Ba abin da ya ƙirƙira fa, tsofaffin bayananmu kawai yake bi yana gyarawa, amma oga ba shi da magana sai tasa. Har kujerar bakin taga aka ba shi. Ni da na gina abin, ko sannu.

To, akwai layin da na rubuta tun farko, cewa ana iya goge fayil ba tare da an kulle shi ba. Daga baya na canza kod ɗin, yanzu in ba a kulle ba fayiloli lalacewa suke yi, amma na manta da bayanin. Shekaranjiya na leƙa allonsa, na ga ya ɗora sabon aikinsa a kan layin nan. Ran Litinin za a saki aikin. Na ja bakina na yi shiru. Wallahi har daɗi na ji, ina so a ga shi ma yana kuskure. Amma tun ranar na kasa haɗa ido da shi. Ya zan yi?

Wanda Aka Manta

Ɗan'uwa, na ji zafinka. Shekara tara ba wasa ba ce, kuma oganku bai kyauta ba. Ka same shi ka faɗa masa ƙorafinka baki da baki.

Amma kar ka raina aikin abokinka. Bayanin da ya daina faɗin gaskiya ya fi babu bayani haɗari, kai ma shaida ne. Sannan in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere: in fayiloli suka lalace, za a binciko wanda ya canza kod ya bar bayanin, kuma sunanka za a gani. Waɗanda za su rasa hotunansu da takardunsu kuwa ba su taɓa yi maka komai ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gobe da safe ka ja kujera kusa da shi, ka nuna masa layin, ku gyara tare. Kar ka jira Litinin. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka ƙarfin buɗe baki.