Da Raina Suke Rabon Gawata

Anti Roselida,

Don girman Allah ki ba ni shawara, kafin baƙin ciki ya riga ciwo kashe ni.

Ni dattijuwa ce, ina sayar da busasshen kifi a kasuwa a nan Kisumu. Bara likita ya ce ciwon daji ne a hantata, kuma ya bazu. Na yi kuka na ƙoshi, na share hawayena na koma kasuwa. Allah ya sani, mutuwa ta daina ba ni tsoro. Na aurar da 'ya'ya, na goya jikoki, me ya rage? Abin da ya hana ni sukuni shi ne inda za a kwantar da ni.

Da mijina ya rasu, yaranmu suna ƙanana, ƙaninsa Ogutu ya ce bisa al'ada sai wani a dangi ya gaje ni. Na ce ni ba akuya ba ce. Suka kwashe shanu, suka yaye rufin ɗakina ana tsakiyar damina. Na bar garinsu Asembo da tukunya a ka, goyo a baya. Kifin nan ne ya yi wa yaran makaranta, shi ya saya mini ɗan fili a bayan gari, na yi gini, na dasa mangwaro. A nan nake so a binne ni, kuma da wuri. Ba na so a ajiye ni makonni a ɗakin sanyi na asibiti ana neman bijiman yanka, kamar yadda aka yi wa ubansu.

Da Kirsimeti na tara yaran na faɗa musu. 'Yata Awuor ta ruga madafa tana kuka. Babban ɗana Okoth, mai aiki a Nairobi, ya ce in daina kiran mutuwa da bakina. Bai tsaya nan ba, ya kwaso mini wani fasto da ban taɓa gani ba, ya zo da kwalbar mai yana ta ihu wai zai kori ruhun mutuwa. Na ba shi shayi, na ce ya rage murya, ciwon ba kurma ba ne.

Sai ga ƙawata ta kasuwa ta je jana'iza Asembo ta dawo mini da labari. Wai Ogutu har ya nuna wa mutane wurin da za a haƙa kabarina kusa da na wansa. Yana cewa macen da aka biya shanu a kanta, gawarta ta dangin miji ce, kuma Okoth ya amince. Anti, mutumin da tun da ya kore ni bai taɓa tambaya ko muna ci ko muna sha ba! Ina da rai ba su so ni ba, sai gawata ce ta yi musu daɗi? Na kira Okoth, ya ce ba ya ji na sosai, ya kashe waya.

Har na fara tunanin in yi masa baki. Ɗan da na ja hannunsa na fita da shi daga gidan can, shi zai mai da ni a akwatin gawa? Me zan yi?

Uwar da aka raina, Kisumu

Mama,

Fushinki yana kan gaskiya. Ba kiran mutuwa kika yi ba, shiri kika yi, kuma da yawanmu ba mu da wannan ƙarfin halin. Amma maganar baki, ki ajiye ta. Idan ta fita ba ta komawa, kuma shi zai ci gaba da rayuwa da ita.

Ki dubi Okoth da kyau. Uwa zai rasa, ga kawunsa yana tsorata shi cewa idan bai kai ki gida ba, ba shi da sauran mutunci a dangin ubansa, watakila har a ce abin zai bi 'ya'yansa. Wanda ya kashe waya ba ƙarfi gare shi ba, kunya ce da tsoro. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna miki ta inda za ki ɓullo masa.

Ki kira shi ya zo shi kaɗai. Ku je wurin likita tare, ya ji da kunnensa. Ki nemi a haɗa ku da masu kula da marasa lafiya a gida, don rage miki zafi. Sannan ki ba shi labarin ranar da aka yaye rufin. Yana yaro, ƙila bai san rabinsa ba.

Ki sami lauya ki rubuta wasiyya, amma kada ki dogara da takarda kaɗai, domin rigimar gawa takan fi ƙarfinta. Ki gayyaci Ogutu da dattawansu gidanki, ga faston cocinku, ga matan kasuwa, ga Awuor. Ki faɗi abin da kike so da bakinki. Idan suna son a yi taron addu'a a Asembo bayan an binne ki, ki bar musu, hakan zai sauƙaƙa wa ɗanki. Kada ki jinkirta. Musu da gawa ba wuya, amma a gani ko Ogutu zai iya kallon idonki ya maimaita maganar shanun nan.

Allah ya sassauta miki ciwo, ya sanyaya zuciyarki, ya sa ku rabu da 'ya'yanki kuna masu yafe wa juna.

Anti Roselida