Wuyan Mahauci

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Jiya hannun Baba ya saki wuƙa a kan teburin nama, bakinsa ya karkace, can ya dawo daidai. Likita ta ce jijiyar wuyansa mai kai jini ƙwaƙwalwa ta cushe da kitse. Magani kaɗai ba zai isa ba, sai an buɗe an kankare a makon nan, in ba haka ba ɓarin jikinsa na iya shanyewa. Har ya fara yarda, sai ka bugo waya ka ce masa "ɗan yanka ne a wuya". Yaya, mahauci ka gaya wa haka? Yanzu ya naɗe wuya da rawani, ya ƙi sa hannu a takardar amincewa da aikin.

Ƙaninka.

*

Ƙanina,

Na samu takardarka, da kyar na karanta rubutun. Ni za ka koya wa magana, kai da ka gudu daga aji uku? Na yi bincike sosai a kan cutar nan. Ka ce masa allura ce kawai, ya dangwala, idan ya farka shi ke nan. Tsoho ba ya bukatar bayani. Aiki ya riƙe ni.

Ka huta lafiya,
Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da sannu da bincike. Ban yi masa ƙarya ba. Kwana biyu na zauna gefen gadonsa ina kallo: duk wanda ya shigo, hannunsa Baba ke duba. Na roƙi likita ta zo da alƙalami. Ta ja layi a wuyana, daidai inda za a buɗe nasa, yana gani.

Ya ce, "'Yata, a tsaye ko a gicciye?"

Ta ce, "A tsaye, Baba."

Ya juyo gare ni. "Kai, wannan ai tsagawa ce. Wane sakarai ya ce yanka?"

Na ce wani mai digiri ne.

Ya sa ta miƙe yatsu, ya ga ba sa rawa, ya dangwala. Gobe da safe za a shiga da shi ɗakin tiyata.

Ƙaninka.

*

Yaya,

An fito. Yana motsa hannu biyu, yana zagin kowa. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi 'ya'yansa maza nawa. Ya daɗe yana kallon ƙofa kafin ya amsa. In kana son jin abin da ya ce, ka zo asibiti: gado na shida, hannun hagu.

Ƙaninka.