Rantsuwar Ƙasan Takarda

Litinin, 4 ga Disamba

Yallabai Lyle ya fito takarar shugaban gunduma. Shekara goma sha biyu yana magajin gari, goma sha ɗaya ina teburin ƙofar ofishinsa. Doka ta ce sai mutum ɗari biyar sun sa masa hannu zuwa biyu ga Janairu, in ba haka ba sunansa ba zai hau takardar zaɓe ba. Ya miƙo mini takardu da donat ɗaya, ya ce, "Ruki, mutanenki 'yan ƙasarku da ke nan sun fi jin maganarki a kan ta liman." Na ce in liman ya ji ba ruwana. A ƙasan kowace takarda akwai inda mai yawo da ita zai rantse cewa a gaban idonsa kowa ya sa hannu. Sau biyu na karanta.

Asabar, 16 ga Disamba

Ƙanƙara har gwiwa. Gida tara na shiga, ko'ina sai an sha shayi. Wata tsohuwa ta yi minti biyar tana zana sunanta, na tsaya har ta gama.

Laraba, 27 ga Disamba

Mura. Kwana shida ban fita ba.

Juma'a, 29 ga Disamba

Darlene, ƙanwar matarsa mai riƙe masa kamfe, ta zo da tukunyar miyar kaza da takardu huɗu cike, mutum ashirin-ashirin. A ɗakin cin abinci na masana'antar talo-talo ta bar su, ba wanda ya tsaya a kansu. Ƙasansu babu sa hannu. Wai ni zan sa. "Sunayen naku ne, in na rubuta Darlene wa zai yarda?"

Na duba. Ga sunan Warsame, wani ɗan masallacinmu, ga na matarsa Ubah a ƙasansa, rubutu ɗaya. Ubah kuwa tun Oktoba tana Nairobi tana jinyar mahaifiyarta. Mazanmu haka suke, a asibiti, a makarantar yara, mutum ya sa wa gidansa duka, bai ga laifi ba.

Na ce ban gani da idona ba. Ta yi dariya. "Baiwar Allah, ba Alƙur'ani aka ce ki dafa ba, biro ne." Miyar ma ban iya sha ba.

Asabar, 30 ga Disamba

Yallabai da kansa ya zo. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, safarsa a huje. Bai ambaci maƙabarta ba. Da ma ya ambata, da na ji haushi na samu ƙarfin cewa a'a. Mutumin da ya yi shekara biyu yana faɗa da majalisar gari har muka samu filin rufe matattunmu, wanda ya tsaya cikin sanyi da hula a hannu ranar da aka rufe mijina. Cewa kawai ya yi, "Saura sittin, Ruki. In babu waɗannan, na koma sayar da inshorar tarakta."

Na sa hannu. Duka huɗun.

Malamata ta allo a garinmu Kismayo kan wasali ɗaya take sa a wanke allo.

Talata, 2 ga Janairu

An kai takardun. Ƙirjina kamar an ɗora turmi. Istigfari nake yi, amma ban je na janye ba, to wane iri ne ke nan.

Litinin, 8 ga Janairu

Lauyan abokiyar takararsa ya gano sunayen da rubutunsu ɗaya ne. Hukumar zaɓe ta zauna, ta soke suna goma sha huɗu, saura ɗari biyar da shida. Yallabai ya tsira.

A bakin matakala ɗan jarida ya tare shi. Ina bayansa riƙe da kwat ɗinsa. Ya sassauta murya ya ce, "Ma'aikaciyata ce, mace mai gaskiya. Sai dai a al'adarsu miji kan sa wa mata hannu, ba ta gane dokarmu ba." Ni. Ni da nake shekara goma sha ɗaya ina fassara wa mutane dokar nan layi-layi. Darlene tana gefe tana gyara gyalen wuyanta.

Na miƙa masa kwat ɗin. Har na gyara masa wuyan.

Juma'a, 12 ga Janairu

A masallaci mata sun matsa mini wuri, wuri mai faɗi sosai. A waje Warsame ya ce, "Anti Ruqiyo, kin sa mu a jarida, yanzu a wurin aiki ana tambayata ko ni nake wa matata numfashi." Ban ce masa hannunsa ne ba. Nawa ne a ƙasa.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Furanni a teburina, da kati, wai Yallabai ya gode da haƙurina. Da rana ya tsaya, bai kalle ni ba, ya ce, "Kin san dole in faɗi wani abu." Na ce na sani, Yallabai. Darlene ta leƙo ta ce ai ba wanda ya mutu.

Talata, 2 ga Afrilu

Zaɓe. Na je rumfar zaɓe a makarantar firamare da safe, na cike layin alƙali a takardar, na cike na gyaran rufin makaranta. Layin shugaban gunduma na bar shi fari. Ba don komai ba, biron ne ban so in ɗora ba.

Bayan azahar ya shigo ofis da fara'arsa, yana murza hannu. "Ruki, kin jefa?"

"Na jefa maka, Yallabai." Da azumi a bakina. Har murmushi na yi, ya kuma yarda.

Na koma teburina ina jiran nauyin nan ya sauko. Har lokacin shan ruwa ban ji komai ba sai yunwa.