Iyakar Gonar Marayu

Daren Laraba, watan Sha'aban, shekarar fari

Gobe Mai Unguwa zai yanke rigimar gonar marayun Sale. Ni kaɗai na san inda gambar iyaka take kafin fari ya cinye ta, ga jiri ya hana ni tafiya.

Mai gashin ƙashi ya ce, "Baba, riƙe ƙarfen dogarawar nan ka dinga takawa kullum." Na ce ni ba yaro mai tatata ba ne. Tun lokacin kaji ke kwana a kansa.

Ɗazu na gwada shi, na faɗi kafin in kai rijiya. Ɗana Habu ya ce zai tura ni a baro. Wa zai karɓi shaidar dattijon da aka turo kamar taki? Ya Allah! Na ce ya kawo baron da asuba.