Kular Ranar Asabar

Lahadi, 7 ga Yuli

Kular jiya ta Sitti Zahra ta dawo a cike. Shinkafa bukhari da cinyar kaza, ko buɗewa ba ta yi ba, har ta yi tsami. Karo na biyu ke nan.

Tsofaffi goma sha tara muke kai wa abinci kullum daga kicin ɗin jam'iyyarmu ta taimako, waɗanda ba su da kowa a Jidda. Othman ke tuƙi, shi haifaffen nan ne, yana da takardu. Ni ke hawa benaye da kuloli, in ajiye ta yau in ɗauko ta jiya. Dokar Hajiya Maimuna, shugabarmu, kowa ya san ta: wanda ya dawo da abinci sau uku a cire sunansa, a sa wani. Mutum arba'in ke jira. Ban ga laifinta ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Ta cinye ta Litinin, ta cinye ta Talata, har ta wanke kula. To ba ciwo ba ne.

Ɗakinta a saman rufi yake, hawa biyar, wani tsohon gini a unguwar Bagdadiyya. 'Yar Habasha ce. Aikatau ya kawo ta shekara talatin da wani abu. Kafilinta, ubangidan da ya tsaya mata, ya rasu, 'ya'yansa suka koma Riyad, iƙamarta, takardar zama, ta mutu. Ina ce mata Sitti, yadda ake kiran kaka a nan, ita kuma ta ce mini waladi, wato ɗana. Larabcinta a karye, nawa a karye, muna jin juna sarai. Sai na sha gahawarta take barina in sauka. Yau Othman ya yi ta danna hon. Na sauko ya ce, "Yalla ya Zaharadden! Sadaki kuke yankewa a sama?"

Asabar, 13 ga Yuli

Yau na buɗe ido da kyau. Ɗaki a share. Ta sa farin mayafi wankakke. Ta kife faranti a kan risho. Babu gahawa. Wuta ta ɗauke da safe, fankarta kuwa ko wutar ta dawo ba ta tashi sai an danna, ga ɗaki kamar tanda, gumi na bin wuyanta. Na kai hannu zan danna ta ce, "La, waladi." A cinyarta busasshen burodin jiya ne take gutsura.

Sauran ranaku ba haka take ba. Asabar ce kawai.

Lahadi, 14 ga Yuli

A cike. Na uku.

Na juye wa magunan lungu, na ɗauraye kular a famfon masallaci. Hajiya ta ce, ta ci? Na ce ta ci. Astagfirullah.

Juma'a, 19 ga Yuli

Bayan masallaci na koma wurinta ni kaɗai, a ƙafa. Na gaya mata dokar Hajiya. Na gaya mata maganar maguna. Ta yi dariya, sai ta daina. Ta ce in tura ƙofa.

Ba Zahra ne sunanta ba. Dillalin da ya yi mata fasfo ne ya laƙaba mata don ta samu aiki. Mulunesh. Daga wani ƙauye kusa da Gondar. Ta ce, "Mu Yahudawa ne, waladi." A hankali ta faɗa, tana kallon ƙofa. A gidansu ba a hura wuta ranar Asabar, ba a cin abin da aka dafa a ranar. Shekara talatin tana girki ranar Asabar a gidan kafili, ba wanda ya sani. Ta ce, "Yanzu ba mai aikena. Asabar nawa suka rage mini? Ka bar mini su."

Ta ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba. Tsoro take ji a kore ta daga ɗakin, ko abin da ya fi haka. Na rantse.

Ni ban taɓa ganin Bayahude ba sai a talabijin. Na dubi kofin da ke hannuna. Ta ga na dube shi. Na shanye.

Asabar, 20 ga Yuli

Na ajiye kula a bakin ƙofa na sauko. Ban shiga ba. Ban san dalili ba. Na sani.

Litinin, 22 ga Yuli

Na shiga. Ba ta ce komai a kan Asabar ba. Ta ƙara mini sukari.

Lahadi, 28 ga Yuli

Othman ya biyo ni lungu ya same ni tsugune, maguna bakwai a kaina. Ya ce, "Mashallah! Su ma ka sa sunansu a takarda?" Na roƙe shi. Ya ce wallahi shi ba ya ɓoye wa Hajiya komai, ƙanwar uwarsa ce. Ya ce akwai wani tsoho a unguwar Karantina kwana biyu bai ci ba, ni ina kiwon maguna. Gaskiya ya faɗa.

Talata, 30 ga Yuli

Hajiya ta kira ni kicin. Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba. Ta ce ko in faɗi dalili, ko Alhamis a cire sunan, halas. Na ce, Hajiya, na rantse mata. Ta ce, "Rantsuwarka za ta ci?"

Na tsaya. Na tuna hawa biyar ɗin nan, da ƙafafunta da suka kumbura. Rabonta da sauka tun azumi. In kula ta daina hawa, ba abin da zai hau.

Na faɗa. Duka, har sunan.

Wuƙar ta tsaya. Ta goge ido da bakin mayafi, wataƙila albasa ce. Ta ce, "Ban tambaye ka addininta ba, ya waladi. Cewa na yi me ya hana ta ci. Da ka ce ba ta cin girkin Asabar ai ya isa."

Da ya isa. Ban yi wannan tunanin ba. Bakina ya riga ni.

Ta ce daga yanzu ranar Juma'a kula biyu: ta biyun waken adas, dafaffen ƙwai da burodin tamis, abin da zai kwana. Ta ce maganar ta tsaya tsakaninmu da Manal, 'yarta, mai iya bincike a waya, ko Allah zai sa a samo mata dangi.

Juma'a, 2 ga Agusta

Na hau da kula biyu ina murna, kamar wawa. Ta dubi ɗaya, ta dubi ɗaya. Ta buɗe ta biyun ta ga ƙwai. Ta ce, "Wa ka gaya wa?" Na fara bayani. Ta ce, "Da sunan Ubangijinka ka rantse." Ta jawo kulolin ciki ta rufe ƙofa.

Lahadi, 4 ga Agusta

Kula biyu a bakin ƙofa, wankakku. Ta ci. Ƙofa a rufe.

Alhamis, 15 ga Agusta

Kullum ina sallama, ina jin motsinta, ba ta amsawa. Ƙanshin gahawa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Manal ta samo wata ƙungiya a Addis Ababa, aikinsu ke nan, kula da tsofaffin Yahudawa da waɗanda suka watse a ƙasashen mutane. Suna da asibiti da wurin kwana. Sun duba takardunsu suka samo 'yar ƙaninta, ashe dangi sun daɗe da ɗauka Sitti ta mutu. Manal ta buga ƙofa kwana uku kafin Sitti ta buɗe. Manal ta ce da aka kara wa Sitti wayar a kunne, sunan kanta kawai take maimaitawa, na gaskiyar.

Ta buɗe wa Manal. Na ji daɗi. Haka ya kamata in rubuta.

Laraba, 28 ga Agusta

Takardar tafiya ta fito daga ofishin jakadancinsu, saura bizar fita. Manal ta ce sharaɗin Sitti ɗaya, kada ranar tafiya ta faɗo Asabar.

Na fara azumin kaffarar rantsuwa, kwana uku.

Talata, 10 ga Satumba

Ta tafi.

Ba ta iya sauka ba. Othman ya ce bayansa na ciwo, sai ni. Ta dube ni, karo na farko a sati biyar. Na tsuguna ta hau. Ba nauyi, kular biki ta fi ta. Hawa na biyar shiru, na huɗu shiru, numfashinta a wuyana. A na biyu ƙafata ta ɗan zame. Ta ƙanƙame ni ta ce, "A hankali, waladi."

Shi ke nan abin da ta ce. Ban bi su filin jirgi ba, ba ni da iƙama, akwai shingen 'yan sanda a hanya. Na tsaya a lungu da maguna har mota ta sha kwana.

Ko yafiya ce, ko tsoron faɗuwa. Oho.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na manta ta tafi, na zuba kula biyu. Hajiya ta gani.

Tsohon Karantina ne a gurbinta, Baba Majid. Kwana biyu yana dawo da nama. Yau na zauna a bakin tabarmarsa har ya gama. Ba haƙora. Na ce wa Hajiya a riƙa daka masa. Ta ce ya aka yi na sani. Na ce a daka kawai.

Othman ya yi ta hon. Ya yi ta yi.