Saje Gwangwani da Usur Ɗina

Unguwar Shifa, Riyad

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Turai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni dai ga ni nan, sai godiya. Numfashi yana yi mini wuya idan na hau matakala, shi ya sa masallaci ma sai ranar Juma'a nake zuwa. Ɗanki Idrisu yana wuni wurin aiki a sitocin unguwar Sulay, matarsa da ƙananan yara Larabci suke yi a tsakaninsu, ni kuwa ina ɗaki, ba mai yi mini magana sai na'urar sanyi.

A kan jikata Muhibba nake rubuto miki, tunda yanzu a hannunki take tana karatu a Zariya. Na san kin lura ba ta karɓar waya idan aka ce ni ne. Ga abin da ya faru.

Yaran da suka tashi a nan ba su da abin kallo sai katun ɗin Japan. Wanda Muhibba ta fi so na 'yan sanda ne, amma na ban dariya: 'yan sandan ƙarfe suna bin ɓarayi a sararin samaniya, motoci suna tashi sama, sufeto ya harba bindiga sai ta fitar da taliya. Da farko na ce mata wannan wulaƙanta kaki ne. Ta ce ai kishi nake yi, don a zamanina ko keke ba a ba ni ba. Haka muka saba, ina kiran ta amarya mai rowa, tana kira na angon da ba haƙori. Ita kaɗai ke zama ta fassara mini da Hausarta mai ɗingishi, ni kuma ina ba ta labarin yadda nake tsayar da motocin Kaduna da usur ɗaya lokacin ina saje.

Gab da tafiyarta ta kawo mini littafi da ta zana da hannunta, da 'yan kalmomi a ciki da rubutun boko, ta ce kyautar bankwana ce. Da na ga boko sai na buɗe ta hagu, kamar yadda aka koya mana a elementare. Shafin farko ga wani ɗan sandan ƙarfe wai shi Saje Gwangwani, da gemuna, da tabon goshina, ana maƙala masa lamba. Na gaba yana busa usur. Na ji daɗi ƙwarai. Ina ci gaba sai na ga yana tuntuɓe, wandon ƙarfensa yana zamewa, samarin 'yan sanda suna ta dariya. Can sai ga wata yarinya mai kama da ita ta ɗora shi a baro. Shafin ƙarshe ga shi a juji, ya yi tsatsa, kyanwa tana barci a hularsa. Turai, dama na daɗe ina jin na zame wa gidan nan kaya, sai na ɗauka yau an zana mini a fili. Na yaga littafin a gabanta, na ce ta gode wa Allah ta rabu da tsohon ƙarfe. Ta tafi filin jirgi ba ta leƙo ɗakina ba.

Sai bayan babbar salla, muna cin abinci, Idrisu ya ɗauko zancen yana dariya har da ƙwarewa, wai Baba ya karanta littafi daga wutsiya. Ashe mutanen Japan ta dama suke buɗe irin waɗannan littattafai, kamar na ajami, ita kuma ta bi tsarinsu. Daga juji labarin ya fara. Yarinyar fito da Sajen ta yi, ta goge shi, ya koma aiki ana yi masa ba'a, har ranar da na'urorin birni suka lalace, motoci suka cakuɗe a sama, ya busa usur kowa ya tsaya. Lambar nan ita ce ƙarshe.

Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun ranar, amma ya ga raina a ɓace, ga kuma aiki, sai ya sha'afa. Wai ma'alesh, ba komai, abin yara ne. Ɗan da na haifa ya bar ni wata da watanni ina ƙullace da wadda ita kaɗai ta ɗauke ni mutum a gidan nan, don bai sami sukunin buɗe baki ba. Na ƙarar da ƙuruciyata a tsakiyar titi ina nuna wa mutane hannun da za su bi, ni kuma a gidan ɗana ba a sami mai nuna mini ba.

Na liƙe littafin da salatif. Sai dai fuskar yarinyar ta ɗan karkace. Likita ya ce zuciyar nan ba za ta ɗauki hawan jirgi ba, saboda haka zuwa Zariya babu shi, kuma ban san sauran kwanan da Allah Ya rage mini ba.

Basiru direba, mutumin Funtuwa, an sabunta masa iƙama, wato takardar zama, zai taho hutu. Na ba shi usur ɗin nan nawa na tagulla, wanda ko Idrisu ban taɓa bari ya busa ba. Ki ba ta hannu da hannu. Kada ki yi mata wa'azi, kada ki tilasta mata ta kira ni, na ƙoshi da gaisuwar dole a nan. Ki dai ce mata Saje Gwangwani ya karanta daga farko.

Ki gaida maigidanki Malam Amir, da Hajar da 'ya'yanta, da Kamil. Idan Muhibba ta tambaye ki ina nake, ki ce ina nan inda labarin ya soma, ina jiran mai baro.

Ni ne yayanki,
Dawuda